Ajin Mastas na Ƙarya a Azuba

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Lafia da suka san abin da ya faru za su gane ni ko ban faɗa ba, wanda bai sani ba kuwa sunan ba zai amfane shi da komai ba. Saboda matasa na rubuta wannan, musamman masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ake yabo a aji, domin ni ma haka na taso.

A wani ƙauye kusa da Agyaragu aka haife ni. Mahaifina manomi ne, doya da riɗi yake yi, bai taɓa zama a aji ba. Ni ne na fara shiga jami'a a gidanmu. Na karanta ilimin akanta, na fito da sakamako mai kyau. Bayan bautar ƙasa na samu koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a cikin Lafia, na auri Rakiya, muka kama ciki da falo. Albashin ba shi da yawa, amma ban taɓa cin kwabon wani ba.

Da na ce zan koma in yi digiri na biyu, Baba bai tambaye ni amfaninsa ba. Cewa ya yi, "Ya fi wanda ka yi?" Na ce ya fi. Ya ce, "To ka je." Rabin doyar da ya ajiye don ci da iri ya fitar aka kai kasuwa.

Ajinmu na mastas ba irin wanda na saba ba ne. Yawancin ɗaliban manya ne, ma'aikatan gwamnati da na banki, wasu sun haife ni. Juma'a da Asabar ake lacca. Su a mota suke zuwa, ni a babur. Amma idan malami ya jefo tambaya a kan haraji ko binciken kuɗi, ni ake juyowa a kalla. Na ji daɗin wannan kallon fiye da yadda ya kamata.

Akwai wani da muke kira Oga Sale, babba ne a wata ma'aikata. Wata Asabar bayan lacca ya tsare ni a bakin motarsa, ya ce an ba mu aikin gida, shi kuma yana da tafiya Abuja. "Ɗan duba mini, ƙanena. Kai abin a jininka yake." Na yi masa. Da na kai masa ya cusa mini wani abu a aljihu, ya ce kuɗin mai ne. Sai da na isa gida na duba, na ga ya kusa rabin albashina. Na san ba kuɗin mai ba ne. Rakiya ta tambaye ni daga ina, na ce wani aiki na yi wa wani. Na lallashi kaina da cewa ai ban yi mata ƙarya ba.

Kafin zangon ya ƙare ajin duka ya san inda ake kai aiki. Na daina jin nauyi, har na fara faɗin farashi da bakina. Da lokacin rubuta kundin bincike ya zo, wanda ba a ba mutum digirin sai ya rubuta shi ya kare shi a gaban malamai, na karɓi na Oga Sale da na wasu, ga nawa yana jira. Aikin ya fi ƙarfina. Sai na fara ɗaukar babi daga kundin wannan in liƙa a na wancan, in canja sunan kamfani da 'yan alƙaluma.

Ranar kare kundi aka gayyato wani farfesa daga wata jami'a. Ina zaune a waje ina jiran layina lokacin da aka leƙo aka kira ni, alhali ba a zo kaina ba. Na shiga na tarar da Oga Sale a tsaye yana share gumi, ga kundi biyu a buɗe a gaban farfesan. Babi ɗaya ne a ciki, har da wani kuskuren lissafi da na yi, yana nan a duka biyun. Ashe sau ɗaya aka tambaye shi wa ya rubuta masa, ya faɗi sunana. A ƙarshen teburin Dokta ce zaune, malamar da take duba nawa kundin, mace mai tsare gida wadda ta ɗauke ni kamar ɗanta. Ta ce, "Kai ne?" Na ce ni ne. Ta cire tabaranta ta ajiye.

Aka kafa kwamiti, aka kore mu. Oga Sale ya koma ofishinsa kamar ba a yi ba. Ni kuwa na kasa buɗe baki a gida. Kowace Juma'a sai in yi wanka, in rataya jaka, in hau babur, in je in zauna a wata rumfar mai shayi da ke bayan gari har yamma. Idan na je ƙauye Baba yana nuna ni ga baƙi yana cewa na kusa gamawa.

A cikin wannan hali Madam Esther ta same ni. 'Yar Keana ce, tana aiki a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma, ɗanta kuma ɗalibina ne a sakandaren da nake koyarwa. Ta zo biyan kuɗin makaranta ta tsaya muka gaisa. Ta ce, "Malam, abeg, wannan makaranta naku na mastas yana ɗaukan tsofaffi irina? Yaran da na koya musu aiki duk sun wuce ni. An ce sai da mastas za a ƙara mini girma, ga ritaya yana zuwa." Abin da ya kamata in faɗa bai wuce kalma huɗu ba: ni an kore ni. Sai na ji bakina yana cewa ta kawo takardunta da kuɗin fom, na san mutane a ciki.

Na kashe kuɗin, ba a kan wata lalura ba ma, waya na canja. Ta yi ta kira tana tambayar ina aka kwana. Ranar da ta zo har gida ta zauna a falona, Rakiya na kawo mata ruwa, na ga babu hanyar kauce mata. Na ce mata an rufe ɗaukar ɗalibai a nan, amma akwai wata jami'a a kudu da za ta buɗe cibiya a Lafia saboda ma'aikata, karatun Asabar kawai, kuma ni aka ba riƙon wurin. Na faɗa ne don in samu ta tashi ta tafi. Bayan mako guda ta dawo da abokan aikinta, kowa da ambulan a hannu.

Na tsaya ina kallon ambulan ɗin nan. Wallahi na san daga nan babu dawowa. Na miƙa hannu na karɓa.

Na ƙirƙiro sunan jami'a mai kama da na gaske. Wani mai buga takardu ya yi mini takardar shiga mai tambari da katin shaida, bai tambaye ni komai ba. Na kama hayar aji ɗaya a wata firamare mai zaman kanta a Azuba da ke gefen Lafia, Asabar kawai, na gaya wa mai makarantar darasin manya muke yi. Bencinan yara ne a ajin. Har yau ina ganin mutanen nan, masu furfura da masu jikoki, sun takure a kansu gwiwoyi sun kusa taɓa ƙirji, suna rubuta duk abin da ya fito daga bakina. Suka sa mini suna Kodineta.

Da littattafan da na yi karatu da su nake koyar da su, kuma ina shirya darasi da gaske, kamar hakan zai wanke wani abu. Amma ban ƙara samun natsuwa ba. Duk motar da ta tsaya a bakin makarantar sai alli ya tsaya a hannuna. Wata rana ina koyar da aikin odita, na ce musu mai binciken kuɗi ba ya yarda da takarda don ta yi kyau, sai ya tuntuɓi inda ta fito. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "To Kodineta, mu yaushe za a kai mu mu ga jami'ar tamu da ido?" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na ce hanya ba kyau, hukumar makaranta ce za ta zo ta same mu.

Akwai ranar da na kusa tonuwa. Muna wani shagon hoton takardu a cikin gari ni da Madam Esther, ana buga mana darasi, sai ga Dokta ta shigo. Ta ce, "Ashe kana gari?" Kafin in amsa Madam Esther ta gaishe ta, ta ce, "Kin san Kodineta namu?" Dokta ta ce, "Kodinetan me?" Na yi sauri na ce ɗan ajin share fage ne na masu shirin jarrabawa. Dokta ta daɗe tana kallona. Sannan ta ja ni gefe ta ce, "Ka zo ofis ka same ni. Abin da ka yi ka yi, amma ba shi ne ƙarshenka ba. Kana iya neman wani wuri ka fara daga farko, zan faɗa musu abin da na sani na alheri a kanka." Na ce zan zo. Bayan ta fita Madam Esther ta tambaye ni me ya sa na ce share fage. Na ce jami'o'in nan kishi gare su, ba sa son a ji an buɗe cibiya a garinsu. Ta ce, "Ah, na gane. Ba wanda zai ji a bakina." Ban je ofishin Dokta ba. A lokacin kuɗi yana shigowa, na sayi mota, na bar koyarwa a sakandare.

Da karatun ya kai inda dole a ce an gama, na kama wani ɗakin taro, na yi hayar rigunan yaye ɗalibai. Na biya wani dattijo mai tumbi ya sa kwat, ya zo a matsayin wakilin jami'a, ya karanta jawabin da na rubuta masa. Iyalai suka zo da kulolin abinci da masu hoto. Rakiya ce ta aika wa Baba ba tare da ta gaya mini ba, don ta faranta mini. Ina kan dandamali na hango shi a layin gaba da babbar rigarsa ta Sallah. Bayan an raba satifiket Madam Esther ta je ta durƙusa a gabansa da rigar a jikinta, ta ce, "Baba, yaronka ya ɗaga mana kai." Baba ya ɗaga hannu biyu yana sa mini albarka a gaban jama'a. Na shiga banɗaki na yi amai. Da na fito na rarraba fom ga sababbin ɗalibai.

Madam Esther ce ta fara kai nata satifiket ɗin wurin aiki don ƙarin girma. Hukumar da ke duba takardun ma'aikata ta nemi jami'ar, ba ta samu wata mai wannan suna ba. Aka dakatar da ita, aka ce ita ta ƙirƙiro takardar, aka miƙa ta ga 'yan sanda. Wata Alhamis da rana ɗanta, tsohon ɗalibina, ya kira ni yana kuka, ya ce an rufe mamarsa, in zo in yi musu bayani tunda ni na san jami'ar. Na ce ga ni nan zuwa. Na kashe wayar.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin. Na san tana tsare a bayan kantar 'yan sanda saboda ni, mace mai hawan jini, amma abin da na zauna ina lissafawa shi ne sababbin ɗalibai za su kawo cikon kuɗin zango ranar Asabar. Na ce in na karɓa sai in bar jihar, daga baya in aiko a ɗauki Rakiya da 'yarmu. Na haɗa kaya kaɗan na ɓoye a but ɗin mota. Rakiya ta ce, "Lafiya kuwa? Tun jiya ba ka ci komai ba." Na ce zazzaɓi ne.

Ranar Asabar na zagaya makarantar da mota kafin in tsaya. Ban ga komai ba sai baburan ɗalibai da wata mai sayar da gyaɗa. Na shiga aji na yi sallama. Aka amsa ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya fito da littafi. Na ajiye jaka na ce masu biyan kuɗi su fara kawowa kafin mu shiga darasi. Ba wanda ya motsa. Sai a lokacin na dubi bencin ƙarshe. Madam Esther ce zaune, ta rame, ɗaurin kanta a karkace, ga maza biyu da ban sani ba a gefenta. Na waiga ƙofa, na ga wani ya riga ya tsaya a wurin.

Ta ce, "Kodineta, ka ci gaba mana. Ka gaya musu jami'a ɗin yana ina."

Ɗaya daga cikin mazan ya taso ya nuna mini katinsa na ɗan sanda, ya ce in miƙo hannu. Da aka fito da ni ɗaliban suka yi caa a kaina, wani ya fizge mini hula, wani ya kai mini naushi a wuya. Ba don 'yan sandan ba da ba a kai ni mota da rai ba. Aka buɗe but aka ga kayan da na haɗa.

A kotu ban wahalar da kowa ba, na amsa laifina. Ɗaliban suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani fili ya sayar, wata bashin banki ta ci a kan albashinta, wani Bafulatani shanun gidansu aka kai kasuwar kara aka sayar don ya yi karatun. Alƙali ya yanke mini shekaru a gidan yari, ya kuma ce a biya mutane haƙƙinsu. Aka sayar da motar, ba ta kai ko'ina ba. Baba ya yanki gonarsa ta bakin rafi, wadda ya gada, ya sayar.

Kafin a saka ni a motar gidan yari aka bar shi ya matso. Bai yi mini Hausa ba, da yarenmu ya yi magana, a hankali. Ya ce, "Da ranar da aka kore ka ka zo ka gaya mini, da na ba ka fartanya mun tafi gona. Mutane su yi surutu su gaji." Ya juya ya tafi, bai jira amsa ba.

Ba zan tsawaita a kan zaman gidan yari ba. Cunkoso ne da zafi da ƙaiƙayi da abincin da ba ka ci sai don kada ka mutu. Rakiya ta koma gidan iyayenta da 'yarmu. Da ta zo ziyara ta farko ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi mini: "Duk Juma'ar nan da nake tashi in dafa maka abin kari, ina kake zuwa?" Na gaya mata rumfar mai shayi. Ta gyaɗa kai ta tashi. A can ciki na koma ga sallah da gaske, ba don na zama na kirki dare ɗaya ba, sai don babu sauran wanda zan yi wa ƙarya.

Da na fito na fara zuwa ƙauye na durƙusa a gaban Baba. Ya yafe mini, amma ya tsufa fiye da shekarunsa, kuma yanzu a gonar aro yake noma. Rakiya ta dawo bayan dogon biko. Har yau idan na ce zan fita sai ta ɗan dube ni kafin ta ce a dawo lafiya, kuma ba na ganin laifinta.

Daga nan na hau mota zuwa Keana. An wanke Madam Esther daga zargin ƙirƙirar takarda, amma an yi mata ritaya kafin lokaci, a matakin da take tun farko. Na same ta a wata 'yar rumfa a bakin titi tana sayar da gishiri da kayan miya. Na durƙusa a ƙasa na ce na zo neman gafara. Ta gama sallamar mai saye tukuna. Ta ce, "Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Ka iya koyarwa. Abin da ka koya mana duk gaskiya ne, na yi aiki da shi a ofis an yaba mini. Da ka ce lesin kake yi, da mun biya ka da farin ciki." Na ce haka ne, Madam. Ta ce, "Na bar ka da Allah. Amma kada ka sake zuwa nan, ganinka yana tayar mini da ciwo." Na tashi na tafi, ban sake komawa ba.

Yanzu ina aiki a wurin wani mai injin casar shinkafa. Ya san tarihina kaf, ni na gaya masa kafin ya ɗauke ni. Ina yi masa lissafi, amma kuɗi ba ya bi ta hannuna, kuma ni na roƙi a yi hakan.

Ƙannena, ku da kuke makaranta, ku ji ni. Idan Allah ya ba ka kai, ka zauna da ɗan ajinku ka koya masa har ya gane, amma kada ka rubuta masa ko layi ɗaya da sunansa a sama, ko me zai sa maka a aljihu. Idan kuma ka riga ka faɗi, an kore ka ko ka kasa, kada ka kwana da shi. Ka je gida yau ka faɗa da bakinka, a yi faɗan a gama. Ni tsoron faɗan yini ɗaya ne ya sa na yi shekaru ina ƙarya. Kuma kada ka yarda da zuciyarka idan ta ce maka kai kaɗai abin zai shafa in ya ɓaci. Ni na yi zamana na fito, ina cin abinci, ina barci a ɗakina. Matar da ta yarda da ni tana can bakin titi cikin rana tana auna gishiri, kuma ni na ajiye ta a wurin.